Yadda sandar sinuka ta sa na ɗaura wa mashin ɗina kwari

Sandar nan yayana ne ya kawo min ita tsaraba daga Dubai, kuma wallahi da na san irin wahalar da za ta ba ni kafin in iya kai ta Barnawa lafiya in dawo da ita lafiya, da turare kawai na ce ya sayo min. Tun muna sakandare nake buga sinuka, a teburan nan na ƙarƙashin rumfar kwano a Kawo, inda sanda biyu ce kacal mutum ashirin ke karɓa-karɓa, ɗaya ta karkace kamar sandar makiyayi ɗayar kuma fatar bakinta ta cinye har kana jin katako na dukan ƙwallo ƙwas. To mutumin da ya taso a haka ka miƙa masa sanda tasa ta kansa a cikin jaka, ai ka san ranar barci sai ɓarawo.

Kafin masu gyara su taso min, na sani, abin da muke ce wa sinuka a nan ba shi ne sinuka na asali ba. Namu ƙwallo 15 ne da fara ɗaya, bakwai masu zane bakwai marasa zane sai baƙa mai lamba 8, Turawa ful suke ce masa. Sinuka na gaskiya ƙwallo 22 ne, jajaye kaɗai 15, teburinsa kuma ƙafa 12 ne a tsawo, ɗakin wani ma ba zai ɗauke shi ba. Amma a Kaduna in ka ce za ka je buga ful sai a ɗauka wanka za ka, saboda haka sinuka dai zan ci gaba da cewa.

Ita sandar tsawonta inci 58 ne, wajen santimita 147 kenan, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo, kuma biyu take rabuwa daga tsakiya, akwai ƙarfe mai zare da ake murɗawa a haɗa gindin da kan. Jakar baƙa ce mai tauri, doguwa siririya, da na auna ta da tef ɗin telan layinmu santimita 85 ta ba ni, da maratayi guda ɗaya. Ku riƙe lambar nan 85 ɗin, ita ce ta jawo komai. Ni kuma Hayin Banki nake, teburin kirki da muke haɗuwa da abokai ranakun Asabar da Lahadi yana can Barnawa, wato sai na biyo Ali Akilu, in shiga Ahmadu Bello Way, in ratsa gefen babbar kasuwa, in wuce shataletalen sitadiyam, in haye gadar kogi sannan in karya. Mota kuwa ba ni da ita, Boxer ce da ni, wadda nake zuwa shago da ita kullum.

Ranar farko abin da kowa zai yi shi na yi, na rataya ta a baya kamar maharbi, maratayin ya ratso ƙirjina, na tada mashin ina jin kaina. Ban kai Unguwar Sarki ba na gane akwai matsala. Maratayi ɗaya ba ya riƙe dogon abu wuri guda, da iska ta fara bugu sai jakar ta riƙa zamewa tana juyowa, ƙasanta ya dawo ta gefen cinyata, samanta kuma yana ƙwanƙwasar hular kwano ta baya duk lokacin da na taka rami ko na hau bam. Sai ka ga na saki hannun hagu ina tura ta baya da gwiwar hannu, hannun da ya kamata yana kan kuloci. In zan waiga in duba kafin in canza layi kuma sai hular ta tokare da ita, wuyan ya tsaya a rabi. Haka na yi ta fama har na isa, gumi sharkaf, wasan ma ranar an cinye ni sau huɗu a jere, sabuwar sanda da komai, abokai suka ce ashe dai ba a sanda take ba.

A hanyar dawowa da daddare ne na ga ɗayan ɓangaren abin da ban yi tunaninsa ba. Wajen wani shingen bincike aka haska ni da tocila aka ce in faka, in kashe mashin, in sauka a hankali, kar in taɓa abin da ke bayana. Nan take jikina ya yi sanyi don sai a lokacin na ga kaina yadda su suke ganina, saurayi a kan Boxer ƙarfe goma na dare da dogon baƙin abu rataye a kafaɗa. Duk wanda ya zauna a garin nan a ƙarshen 2021, lokacin da aka hana hawan mashin gaba ɗaya aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, ya san abin da wannan hoton ke nufi, ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Na ce yallaɓai sandar wasa ce, ya ce ajiye a ƙasa ka buɗe da kanka. Na buɗe, na haɗa ta a gabansu, har da fito da alli shuɗi na nuna. Ɗaya daga cikinsu ya karɓa ya auna ta da ido ɗaya kamar ya san harkar, ya ce sanda mai kyau, amma samari ka daina rataya ta haka da dare, ba kowa ne zai tsaya tambaya ba. Na ce na gode yallaɓai. Maganar ta zauna min amma taurin kai bai bar ni na daina ba, sai dai na koma dawowa da wuri.

Abin da ya raba ni da ratayawa faɗuwa ce. Ba wata babbar faɗuwa ba ma, a kwanar shiga layinmu ruwa ya taro yashi, ina tafe a giya biyu tayar gaba ta shafe, na tafi ta gefe na dira da baya. Da babu komai a bayana da kakkaɓe riga kawai zan yi in tashi, yara su yi dariya a wuce wurin. To amma a kan jakar na faɗa, ita kuma ba ta lanƙwasa, duk nauyina ya taru a layi ɗaya daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu, ta tsallake ƙashin baya. Numfashina sai da ya ɗauke na wasu daƙiƙu. Mai ɗori ya lalluba ya ce babu karaya, asibiti ma suka ɗauki hoto suka ce haka, amma sati biyu a zaune nake sallah, kuma shatin jakar ya fito a bayana ɓaro-ɓaro kamar an zane ni da dorina. Sandar kuwa ko ƙwarzane babu, jakar ta yi aikinta, ta kare sanda ta bar mai sanda. Umma tana shafa min man zafi tana cewa kai yanzu a kan icen wasa za ka nakasa kanka, wanda ya kawo maka ita ma sai na yi magana da shi. Ban ce uffan ba don ba ni da ta cewa. A kwancen nan nake ta lissafi, wannan fa gudun da bai kai na keke ba ne, ina ga a ce a kan baifas ne ina tsula gudu tirela na biye da ni. Tun ranar na ɗaukar wa kaina cewa duk wani abu mai tauri, sanda ce ko ƙarfe ko ma kwalbar ruwa ta ƙarfe, ba zai ƙara hawa bayana a kan mashin ba.

Da na warke sai na koma dabarar 'yan acaba, kariya da roba. Na je wurin mai facin bakin titi ya yanko min tsohon tub dogo biyu, na gicciya jakar a kan kariya na ɗaure tamau. A tsaye abin gwanin sha'awa. Matsalar ita ce duk mai mashin da kan mashin yake auna hanya, in hannaye da madubi suka shige to ka san sauran jiki ya shige, shekara da shekaru a haka ƙwaƙwalwa ta saba, ba ka ma tunani. Yanzu ga abu a bayanka wanda ya fi kan mashin faɗi, kuma ba ka ganinsa. Sati na biyu a cunkoson gefen kasuwa na hango 'yar kafa tsakanin Keke Napep da wata bas na kutsa yadda na saba, sai ji na yi garam, bayan mashin ya fizge gefe, bakin jakar ya kama ƙarfen keken. Allah ya taimaka a hankali ake tafiya na dire ƙafa. Mai keken ya leƙo zai fara, na riga shi, na ce yi haƙuri ɗan uwa laifina ne, ya duba ya ga fenti ne kawai ya ɗan goge ya ce Allah ya kiyaye gaba, wata hajiya a baya kuma ta ce kai ɗan nan da ƙafar mutum ce fa. Gaskiyarta. A kasuwa gwiwar mutane da kan yara daidai tsayin kariya suke.

Sai na juya ta a tsaye, wato ta bi tsawon mashin, rabi a kan kujerar baya rabi a kan kariya, bakinta na tokare da ƙuguna, sauran ya leƙa baya. Wannan ya fi, kuma da a ce lokaci-lokaci nake fita da ita da nan zan tsaya, duk wanda ba ya son kashe ko sisi ma shi zan ce ya yi, ya dai tabbatar ya ɗaure wuri biyu nesa da juna kuma bai rufe danja ba. Amma ni duk sati ne, kuma ya zo da nasa. Ba na iya ɗaukar kowa, ƙanwata ta sha cewa Yaya sauke ni a Kasuwar Barci in ce mata babu wuri, sanda ta zauna. Kullum sai an ɗaure an kwance, roba kuma in rana ta dake ta tana saki, ka isa ka tarar jakar ta ja baya da kusan taƙi guda. Sannan in aka taka birki da ƙarfi gaba take yowa ta soki baya, bayan da bai gama mantawa ba.

A wannan zangon ne kuma na yi wa sandar illar da har yau take ɗauke da ita, kuma wannan ba ruwan mashin, sakarcina ne. Wata Asabar cikin watan Afrilu, zafin nan na kafin saukar ruwa da ko inuwa ba ta da daɗi, na biya shago da niyyar minti goma sai aiki ya riƙe ni har la'asar, mashin na waje a rana, baƙar jaka a kansa. Da na buɗe ta a Barnawa katakon da ɗumi kamar an sauke daga tanda. Na haɗa na gara ta a kan tebur yadda ake gwada sanda, sai ga bakin yana ɗagawa yana sauka, ɗagawa yana sauka. Kaina ya yi dum. Katako ne, zafi da laima su ne maƙiyansa, gefen da ya sha rana ya bushe fiye da ɗayan sai ya ja. Mu kuma garinmu duka muna da su, hunturu ya busar da komai har leɓe ya tsage, bazara ta gasa, damina ta zo ta jiƙa, Agusta ko ƙofar ɗaki sai ta kumbura ta ƙi rufuwa balle siririn ice da bakinsa bai wuce milimita 13 ba. Wani dattijo da muke wasa da shi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce in ɗaure ta da zare in rataye ta a tsaye a cikin ɗaki inda babu rana in manta da ita. Na yi sati uku, ta ɗan dawo amma ba duka ba. Yanzu akwai ɗan ɗigon biro da na yi a jikinta, in zan buga sai na juya shi ya kalli sama, a haka muke zaune da ita. Fatar bakin ma a watan ta fita, don ashe sandar tana da ɗan wuri a cikin jakar, duk ramin da na shiga sai ta yi gaba ta yi baya tana dukan marfi, tun daga Kawo har Barnawa, gam ɗin ya gaji.

To a nan ne na ce bari in je Panteka, don a Kaduna in abu ya gagare ka ka kai shi can, in dai da ƙarfe ko roba ake yinsa akwai wanda ya taɓa yin kamarsa. Tsohuwar Panteka na shiga, ta wajen Poli, wurin wani dattijo mai walda da ya taɓa yi wa Umma murhu. Na gaishe shi na ce Baba wata 'yar matsala na kawo, na kwance jakar na ba shi labari tun daga ratayawa har keke. Bai katse ni ba, yana ta juya jakar a hannu yana ƙwanƙwasa ta da farce. Da na gama ya ce to ɗana kai me kake so a yi. Na ce so nake a ƙera min wani ƙarfe a bayan kariya ta riƙa tsayawa a tsaye kamar tuta. Ya yi dariya har da tari, ya ce in ta tsaya a tsaye iska za ta riƙa kaɗa ta, duk girgizar sai ta taru a gindin, wata ɗaya waldar ta tsage, ranar da ka faɗi kuma ita za ta fara karyewa ko ta soki wani. Ya ce maharba da suke yawo da kibau a daji a hannu suke riƙewa? Kwari za mu yi mata, amma mashin ne zai rataya ba kai ba.

Ya aiki yaronsa da ni layin masu kayan famfo muka sayo farin fayif na roba mai inci 4, irin na magudanar ruwa, aka yanko santimita 90, da marfi biyu, ɗaya na liƙewa ɗaya mai zare da ake murɗawa. Na so in sayi mai inci 3 don ya fi siriri, yaron ya ce gwada tukuna Yaya, muka gwada jakar ta shiga da ƙyar ta ƙi fita sai da muka yi ta bubbugawa, mai shagon yana kallonmu. Inci 4 ɗin jakar na shiga har da sauran wurin soso. A hanyar dawowa muka tsaya wurin masu kujeru aka ba mu guntayen soso kyauta.

Wurin da za a ɗaura shi ne ya ci lokaci, kusan awa guda Baba na zagaya mashin yana ɗora fayif yana saukewa. Dama ba ta yiwuwa, nan salansa take, zafinta kaɗai ya isa ya narkar da roba balle ya gasa sanda. Saura hagu, ita kuma can sarƙa take da shokozoba. Ya ce ka ga duk abin da ke motsi tare da taya ba ruwanmu da shi, a jikin firam da kariya za mu kama, su ne ba sa hawa da sauka. Ya lanƙwasa ƙarfe mai faɗi guda biyu ya yi su kamar awarwaro daidai kaurin fayif ɗin, ɗaya ya kama a ƙarfen kariya ta baya, ɗayan a gaba wajen da kariyar ke ɗaure da firam a ƙarƙashin kujera. Abin da ya burge ni bai yi walda a jikin mashin ba ko ɗigo, duk da noti ya ɗaure, ya ce ranar da za ka sayar da mashin ko ka gaji da wasan sai ka kwance abinka, kuma wuta kusa da tanki ba abin wasa ba ce. Tsakanin awarwaron da fayif ya naɗa robar tub, wai ƙarfe in ya riƙa gugar roba kai tsaye sai ya ci ta, kuma tub ɗin na shanye girgiza. Kowane noti ya sa masa washa ya ƙara wani notin a kai, ya ce Boxer ce, in ba ka ninka ba kafin sati ta zubar maka da su a titi.

Ya kwantar da shi ne ya bi tsawon mashin, gaba ya ɗan yi ƙasa baya ya ɗan ɗaga, marfin murɗawa ta baya. Na tambaye shi dalilin karkatarwar, ya ce in ka taka birki kaya gaba suke tafiya, to gara ta tafi ta tokari marfin da aka liƙe da soso a ciki, in kuma wata rana ka manta ba ka murɗa na baya da kyau ba nauyinta zai riƙe ta a ciki, ba za ta sulale ta faɗi a titi kana tafe ba ka sani ba. A can ƙasan marfin gaba ya huda 'yar ƙaramar kafa da ƙusa mai zafi, ko ruwa ya saci hanya ya shiga ya samu mafita. Marfin baya kuma ya huda shi ya sa masa 'yar sarƙa ya ɗaure a kariya don kar ya ɓata. Da aka gama muka auna, bayan ya wuce ƙarshen kariya da ɗan abin da bai kai taƙi ba, bai rufe danja ba bai rufe sigina ba, faɗin kuma yana cikin faɗin kan mashin, wato in hannuna ya shige shi ma ya shige. Nan na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Na biya na yi godiya zan tafi ya ce ina za ka, ai ba a gwada ba. Ya kira wani ƙaton yaronsa, irin masu ɗaga injin nan, ya ce hau baya. Yaron na zama mashin ya nutse, sai ga fayif ya sauko yana shafar saman sifirin ɗin shokozoba, ƙiris ya rage. Baba ya ce ka gani, da ka tafi da sai ranar da ka ɗauko mutum ka shiga rami za ka ji ƙas. Aka sake kwancewa, ya ƙara wani guntun ƙarfe ya turo awarwaron gaba waje da kamar yatsa biyu ya kuma ɗaga shi kaɗan, yaron ya sake hawa har da tsalle a kai, wannan karon akwai rata. Ya sa na zagaya layin da yaron a baya, ta cikin ramukan Panteka da ruwan kwata, muka dawo ya sa hannu ya girgiza fayif ɗin da ƙarfi, ko motsi. Ƙafar mai zama a baya tana ɗan buɗewa ta hagu kafin ta samu mataki, yaron ya ce ba damuwa, ƙanwata dai daga baya ta ce da damuwa, atamfa ba wando ba ce, amma tana hawa.

Cikin jakar ni na ƙarasa da kaina a gida. Na yanka soso na cusa a ƙasa da sama yadda in na girgiza ta a kunne ba na jin komai na motsi, na samu tsohuwar safar yara na riƙa sa wa bakin, wajen zaren haɗin kuma dama ta zo da 'yan marafanta guda biyu da na jefar a durowa don ban san amfaninsu ba, ashe su ke kare zaren daga bugu da ƙura, na nemo su. Ita jakar in za ta shiga fayif sai na naɗa mata tsohon tawul a tsakiya. Damina ta zo ta same ni a shirye, akwai ranar da ruwa ya kama ni tun daga gadar kogi har Kawo, irin mai iskar nan da ke sa masu mota su kunna fitila da rana, ni na jiƙe har cikin aljihu, na isa gida na murɗe marfi na zaro jaka a bushe ƙayau. Abu ɗaya dai ban yarda da shi ba har yanzu, ko da fayif fari ne ba ya ɗaukar zafi kamar baƙar jaka, ba na barin sanda a ciki in na faka. Ko masallaci zan shiga sai na zaro ta, in jingina ta a lungu wajen takalma inda idona ke kai. Duk ranar Juma'a kuma in na wanke mashin sai na bi notocin nan da sifana, sau biyu na tarar ɗaya ya fara saki.

Saura maganar shingen bincike. Farin fayif a gefen mashin ba ya tada hankalin kowa kamar baƙin abu a kafaɗa, amma duk da haka dogon bututu ne mai marfi, saboda haka na je wurin masu sitika aka buga min hoton ƙwallaye masu launi da baƙar nan mai lamba 8 na manna a jiki, na kuma naɗa jan tef mai ƙyalli a ƙarshen don na baya ya gani da dare. In an tsayar da ni yanzu hannuwana na kan mashin, bayana babu komai, in gaishe su in ce yallaɓai sandar sinuka ce in buɗe? Yawanci sai a haska sitikar a ce wuce.

Sitikar dai ba kowa take yi wa bayani ba. Shekaranjiya ina tsaye a danja wajen Unguwar Rimi wani alhaji ya sauke gilashi ya ce malam don Allah ba ni lambarka, tankin gidana ne ke yoyo tun sati biyu na rasa mai gyara. Na ce Alhaji ni ba mai gyaran famfo ba ne, sandar wasa ce a ciki. Ya kalli fayif ya kalle ni, ya ce to ko ka san wani? Na ba shi kwatancen layin masu kayan famfo a Panteka, danja ta ba da hannu kowa ya kama gabansa.